Kafin ka sayar da PS4 ka sayi gilashin VR

*"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Gombe, a Tumfure nake zaune. Na daɗe ina kallon bidiyon masu sa gilashin VR suna buga gem, abin ya shiga raina sosai. Ina da PS4 da muke buga ƙwallo da abokaina, kuma na ɗan tara kuɗi. Ina tunanin in sayar da PS4 ɗin, in haɗa da abin da na tara in sayi Quest. Wani abokina ma ya ce in na saya in riƙa kai shi gidan gem ana biyana. Don Allah nawa ne ainihin kuɗinsa, kuma waɗanne matsaloli ne ba a nunawa a bidiyo?"*

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, kana son sanin abin da zai fita daga aljihunka, da abin da za ka tarar bayan ka kai kwalin gida, sannan ko wannan gilashi na VR, wanda ake ɗaurawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin gem ɗin, zai iya tsaya maka a madadin PS4 ɗinka, wato PlayStation 4, har ya kawo ɗan kuɗi. Ina da shagon gyaran na'urorin gem a nan Bauchi, wajen Gwallameji, da ɗan ɗaki a gefe inda samari ke buga gem. Quest 2 ya daɗe a ɗakin nan, kuma Quest 3 da PlayStation VR2 sun sha ratsawa ta hannuna. Da abin da na gani a kansu zan amsa maka.

Tun farko ka sani ina son abin nan, kuma ɗokinka yana da dalili. Akwai wani tela maƙwabcina, dattijo ne da bai taɓa riƙe hannun gem ba. Ran nan na sa masa gilashin, na kunna masa wasan ƙwallon tebur. Bai yi minti biyar ba ya manta a shago yake. Ƙwallo ta faɗo kusa da raga, ya miƙa ya dafa teburin da hannun hagu don ya kai gare ta, alhali babu tebur a wurin sai iska. Da ban tare shi ba da ya kifa. Ya cire gilashin yana salati yana dariya. Babu talabijin ɗin da zai yi wa mutum haka, kome girmansa. Amma minti biyar na farko daban, wata uku da abu a ɗaki daban, kuma a kan wata ukun nan ne kake shirin kashe kuɗinka.

Kuɗin kwali

Gilashin VR iri uku ne. Akwai mai cin gashin kansa, wanda kwamfutarsa da batirinsa duk suna cikinsa, kamar Quest na kamfanin Meta. Akwai wanda sai an jona shi da PlayStation. Akwai kuma wanda sai da kwamfuta mai ƙarfi. Farashin da zan ba ka na Amurka ne a lokacin da kowanne ya fito, don shi ne tsayayye. Na kasuwarmu kullum yana bin dala.

Quest 2 ya fito a Oktoba 2020 a kan dala 299, kuma an daina yin sa a 2024. Quest 3 ya fito a Oktoba 2023 a kan dala 499. Quest 3S, wanda ya gaji Quest 2 a matsayin na masu ƙaramin ƙarfi, ya zo a Oktoba 2024 a kan dala 299 mai gigabayit 128, da dala 399 mai 256. PlayStation VR2 na Sony ya fito a Fabrairu 2023 a kan dala 549, wato ya fi PS5 ɗin da ake jona shi da ita tsada, don ita a kan 499 ta fito. Sai a Maris 2025 aka sauke shi zuwa 399. Ka lura da kyau, ba ya aiki da PS4 ko kaɗan. Valve Index na kwamfuta ya fito a 2019 a kan dala 999, ban da kuɗin kwamfutar. Apple Vision Pro kuwa dala 3,499 ne, kuma ba don gem aka yi shi ba, don haka mu ajiye shi gefe.

To, mu juya zuwa naira. Kafin a saki naira a Yuni 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. In ka yi lissafi a kan 1,500, dala 299 ta zama naira 448,500, dala 499 kuma 748,500. Wannan kafin ya hau jirgi ke nan. Meta ba ta sayar da Quest kai-tsaye a Najeriya, sai dai 'yan kasuwa su shigo da shi ta Legas ko Kano ko Abuja, su ɗora kuɗin dako da na kwastan da ribarsu. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne garanti. Ɗan Ingila in gilashinsa ya lalace cikin shekara, kamfani zai canza masa. Kai a Tumfure, garantinka bai wuce mutuncin wanda ya sayar maka ba.

Ko wannan dala 299 ɗin ma ba ita ce ainihin tsadar fasahar ba. Sashen Meta da ke yin waɗannan kayan ya yi asarar sama da dala biliyan 16 a 2023, da sama da biliyan 17 a 2024. Suna sauke farashin gilashin ne don ka shigo shagonsu na intanet ka yi ta sayen gem. Kuma duk lokacin da suka ga dama suna iya juyawa: a Agusta 2022 sun ƙara wa Quest 2 dala 100 rana ɗaya, na'urar da ta kusa shekara biyu a kasuwa.

Kuɗin da ba ya jikin kwali

Maɗaurin kai da ke zuwa da Quest na yadi ne mai roba, kuma kusan duk wanda ya yi mako biyu da shi yakan nemi wani. Mai tauri na kamfanin dala 70 ne, mai haɗe da ƙarin batir dala 130. Akwai na wasu kamfanonin China masu sauƙi, kuma da yawansu suna da kyau. Sai murfin roba na fuska, da jakar ajiya, da batir ɗin AA da kowane hannun gem yake ci. In kana sa tabarau na magani, ko dai ka sayi gilashin magani da ake maƙalawa a ciki, ko ka yi ta fargabar gilashi ya goge gilashi.

Sai gem. Yawancin masu kyau dala 20 ne zuwa 40, manya su kai 60. A nan akwai abin da ɗan PS4 bai saba da shi ba: Quest ba shi da faifai. Ba za ka ari gem wurin aboki ba, ba za ka kai tsohon kasuwa ka cika kuɗi ka karɓi sabo ba. Duk abin da ka saya yana ɗaure da asusunka. Biyan ma sai da katin da ke aiki a shafukan waje, kuma ka san yadda katunan naira suka yi ta ba mutane wahala a wannan fannin daga 2022 zuwa tsakiyar 2025. Za ka haɗu da masu cewa za su loda maka gem ɗari kyauta. Kayan sata ne, ba na yi, ba na kuma ba ka shawara. Abu ɗaya mai daɗi shi ne, a shagon Meta da na Steam, wato shagon gem na kwamfuta, in ba ka kai awa biyu kana buga gem ba, kuma ba a wuce kwana 14 da saye ba, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka.

Data kuma tana nan tana jira. Ƙananan gem gigabayit ɗaya ne zuwa biyar, amma babba irin Asgard's Wrath 2 ya haura 30, ga sabunta manhaja da ba ya ƙarewa, ga kuɗin data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ni dai in mutum ya tambaye ni, nakan ce ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gilashin a gefe, don waɗannan.

Jiri

Wannan ce matsalar da na fi so ka tsaya a kanta, don ita ce kuɗi ba ya magancewa. Ka taɓa shiga motar haya daga Gombe zuwa Bauchi, ka duƙufa kana karanta saƙo a waya, kafin ku kai Alƙaleri ka ji zuciyarka na tashi? A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. A motar, kunne na cewa ana tafiya, ido da ke kan waya na cewa ana zaune. In shaidu biyun nan suka saɓa, jiki yakan amsa da jiri da tashin zuciya. A VR abin juyawa yake yi: ido na ganin kana gudu, kana hawa tudu, kana shan kwana a mota, kunne kuwa na cewa kana tsaye a kan tabarma.

Kamfanoni sun yi ƙoƙari. Hoton yana sabuntuwa sau 72 zuwa 120 a daƙiƙa, kuma yana bin juyin kanka ba tare da jinkirin da za ka lura da shi ba. Shi ya sa gem ɗin da kake tsaye wuri guda, abubuwa na zuwa maka, irin Beat Saber ko dambe ko ƙwallon tebur, ba su cika damun kowa ba. Matsalar tana gem ɗin da ake tafiya da ɗan sandan hannu, da na tseren mota, da na jirgin sama, da lilon nan mai hawa da sauka da kowa ke son a fara gwada masa. Kuma su ne dai irin waɗanda ka gani a bidiyo suka burge ka.

A ɗakina na ga mutane kala uku. Wasu ko a jikinsu tun ranar farko. Mafi yawa sukan ji shi da farko, su saba cikin mako ɗaya ko biyu in sun bi a hankali. Akwai kuma waɗanda ba sa sabawa. Wani saurayi, gwanin ƙwallo ne a PS4, babu mai cinsa a layinmu, ya sa gilashin ya shiga gem ɗin harbi. Minti bakwai na ga goshinsa ya jiƙe da zufa mai sanyi, ya fara hamma, ya ce babu komai zai ci gaba. Da ya cire sai da ya zauna a dakalin ƙofar shago har bayan la'asar, kansa a sunkuye. Ya sake gwadawa sau uku a ranaku daban, bai canza ba. Ƙarfi ko jarumta ba su da hannu a ciki, halittar kunne ce. Kuma babu yadda za ka san rukuninka sai ka sa abin a kanka.

In ka samu dama, ka fara da minti goma zuwa sha biyar. Da ka ji hamma, ko yawu na taruwa a bakinka, ko zufa mai sanyi, cire nan take. Wanda ya daure yakan wuni da ciwon kai, wani ma ya tsani ko ganin gilashin. Ka zaɓi tafiyar tsalle daga wuri zuwa wuri maimakon tafiyar sulu, yawancin gem suna da wannan zaɓin. Ka kunna fanka ta tsaye tana busa maka ta gaba. Kada ka yi da azumi a bakinka, kada kuma ka yi bayan ka cika ciki da tuwo.

Fuska, wuya da ido

Quest 2 giram 503 ne, Quest 3 giram 515. Ɗauki ledar fiya wata guda ɗaya, nauyinsu ɗaya ke nan. Yanzu ka ɗaura ta a goshinka, ta yi gaba, ka yi awa guda kana waige-waige. Wuya yakan gaji, kumatu su yi shaida. A lokacin hunturu ana iya jurewa. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40 a Gombe da Bauchi, ka rufe rabin fuskarka da soso, ga na'ura na fitar da nata zafin a gaban idonka, kana kuma kai naushi da tsalle. Cikin minti ashirin soson ya jiƙe sharkaf, gilashin ya yi hazo. Ko a ƙasashe masu sanyi soson nan ya taɓa zama magana: a Yuli 2021 an yi kiranyen na Quest 2 kusan miliyan huɗu a Amurka saboda ƙaiƙayin fata, aka raba wa mutane murfin roba.

Hoton ma ba kamar na bidiyo ba ne. Abin da ake ɗorawa a YouTube an ɗauko shi ne kai-tsaye daga cikin na'ura, bai ratsa gilashi ba. Da idonka za ka ga kamar kana leƙe ta cikin hular kwano, gefe da gefe baƙi. Faɗin ganin Quest 3S digiri 96 ne, na Quest 3 kuwa 110. Quest 2 da 3S suna da tsohon samfurin gilashi mai zobba-zobba, wanda tsakiyarsa ce kawai take fitowa tar, in ka karkata ido gefe rubutu ya dushe. Gilashin Quest 3 ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma a ganina a nan ne ƙarin dala 200 ɗin ya tafi, don ƙwaƙwalwar da ke cikin 3 da 3S iri ɗaya ce. Sannan tazarar da ke tsakanin idanun mutane ta bambanta. Quest 2 da 3S matsayi uku kawai suke da shi, milimita 58, 63 da 68; in naka ya faɗa tsakani, ido zai riƙa gajiya da wuri. Ni mai gyara ne, ba likita ba: in kana da matsalar ido tun asali, ko farfaɗiya, ka ga likita kafin ka sa. Ƙannenka kuma ka kula da su, Sony ta ce kada yaro ƙasa da shekara 12 ya sa nata, Meta kuma daga shekara 10 ta yarda, shi ma da kulawar iyaye.

Ɗaki, rana da wuta

Meta na ba da shawarar fili mita biyu a tsaye mita biyu a kwance, babu komai a ciki. Duba ɗakinka: katifa, durowa, akwati, babur wataƙila. Duba sama kuma, don fankar silin ta fasa hannun gem fiye da ɗaya da aka kawo mini, ta kuma fasa yatsu. Za ka ce ai ga tsakar gida. Da rana hasken rana na rikita kyamarorin da ke bin hannuwanka, da dare kuma in babu fitila Quest 2 da 3 sukan ɓace, su ce ba sa ganin ɗaki. Wato ko da yake da batir yake aiki, in an ɗauke wuta da dare sai ka nemi fitila mai haske sosai. Batirin kansa awa biyu ne ko da ɗan ɗori, cajinsa ma kusan haka.

Ga wanda nake roƙonka kada ka manta. Wani yaro ya kawo mini Quest 2, bai yi wata biyu da saye ba, ya ce wani tabo ya fito a hoton. Na sa a kaina, na buɗe farin shafi, sai ga ɗigo ruwan goro kamar an ɗiga wa takarda wutar sigari, da wani ɗan layi ya ja daga jikinsa. Na tambaye shi ko ya bar shi a rana. Ya ce soson ne ya jiƙe da zufa, mahaifiyarsa ta ɗauka ta shanya masa a kan tabarma a tsakar gida, kamar yadda ake yi wa kowane jiƙaƙƙen abu. Ba laifinta ba ne, babu wanda ya gaya mata. Gilashin cikin nan yana tara hasken rana wuri guda kamar madubin da yara ke ƙona takarda da shi, kuma ƙasa da minti ɗaya ya isa ya ƙona allon. Ba ya gogewa, kuma ko a Amurka garanti ba ya ɗaukar wannan. Hasken da ke shigowa ta taga ma yana yi. Ƙurar hunturu kuma in ta kwanta a gilashin ka goge da bakin riga, ka zana masa layin da zai zauna har abada. A hure ta tukuna, sannan a shafa da ƙyallen tabarau busasshe.

Wanda ke cikin gilashi kuma ba ya nan. Ba ya ganin ƙaramin yaro da ya rarrafo ƙafarsa, sau da yawa ba ya jin sallama. A gida mai yara, rufe ƙofa wajibi ne.

Me za ka buga, kuma da wa?

Ka ce ƙwallo kuke bugawa da abokanka. To babu FIFA a VR, babu eFootball, babu Call of Duty, babu Free Fire. GTA San Andreas da aka yi shelar zai zo Quest a 2021, a 2024 aka ce an jingine shi. Akwai gem masu kyau ƙwarai, kada in rage musu: Half-Life: Alyx na 2020 a kwamfuta, Gran Turismo 7 da Resident Evil a PlayStation VR2, Batman: Arkham Shadow a Quest 3 da 3S. Amma ba su da yawa, da yawansu gajeru ne, kuma mafi kyawunsu suna warwatse a na'urori daban-daban. Alyx kaɗai yana neman kwamfuta mai katin hoto aƙalla GTX 1060 da ƙwaƙwalwa gigabayit 12, irin kwamfutar da sai da janareta ko sola mai ƙarfi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda muke buga gem a nan. Mu gem taro ne. Mutum biyu na riƙe da hannu, takwas na zaune a baya suna ihu, ana tsokana, wanda aka ci ya miƙa hannu. Rabin daɗin a bakin 'yan kallo yake. VR kuwa mutum ɗaya ne a cikin duniyarsa, saura na kallon wani yana dukan iska. Ana iya tura hoton zuwa talabijin ko waya, yana taimakawa, amma ba ya zama ɗaya. Na ga samari da suka rabu da PlayStation don gilashi, bayan wata biyu abokai sun koma ɗakin wani, gilashi na cikin durowa. Irin wannan ne Hausawa ke cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ka duba tsawon rai kuma. PS4 ta fito a 2013, ga ta nan har yau a kowane gidan gem daga Wunti zuwa Jekadafari, kayan gyaranta a ko'ina. Quest na farko ya fito a 2019, zuwa 2024 an daina kula da shi. Quest 2 ma sababbin manyan gem sun fara tsallake shi. Gilasan da aka yi don tsarin VR na Windows kuwa, Microsoft ta cire tsarin gaba ɗaya daga sabon Windows 11. Ta fuskar gyara, ɗan sandan hannu in ya fara tafiya da kansa ina canza shi. Allo ko kyamara kuwa sai an yi odar su daga China a jira makonni, wani lokaci kuɗin ya kusa na wani gilashin na hannu. Hannu ɗaya sabo dala 70 ne zuwa 75, kuma na Quest 2 ba ya aiki da Quest 3.

Maganar gidan gem

Shawarar abokinka na gwada ta da kaina. Makon farko layi ake yi. Amma yawanci sau ɗaya ko biyu mutum ke biya, ya ga abin mamaki, ya koma ƙwallonsa. Kowane sabon mutum sai ka tsaya ka ɗaura masa, ka daidaita, ka koya masa maɓallai, ka tsare shi kada ya doki bango. Filin da gilashi ɗaya ke ci zai ɗauki talabijin biyu da benci. Bayan awa biyu sai caji. Sannan tsafta: soso ɗaya, fuska talatin, ga zufa. Lokacin da ciwon ido na afolo ke yawo ni ajiye shi nake yi gaba ɗaya, sauran lokaci kuma murfin roba ne, ana gogewa bayan kowane mutum. Gem ɗin da ka saya ma lasisinsa na amfanin kanka ne, na kasuwanci daban ake nema. Inda na ga yana kawo kuɗi shi ne wurin taro, kamar bikin Sallah ko makon ɗalibai, inda kullum sababbin fuskoki ne. Wannan kuwa sana'a ce mai zaman kanta, ga ɗalibi kuma lokacin karatunsa za ta ci.

Abin da zan yi in ni ne kai

Ba zan sayar da PS4 ba. Gilashin VR na'ura ta biyu ce, ana ƙara ta a kan wadda ake da ita. In kuɗin da ka tara ba su kai ba sai ka haɗa da na PS4, to lokaci bai yi ba.

Tunda kana da PS4, akwai wata ƙofa da mutane ke mantawa: PlayStation VR na farko, na 2016, da ita yake aiki. Na hannu yana da sauƙi sosai yanzu. Wayoyinsa da yawa, hotonsa ya tsufa, ba a yi masa sababbin gem, kuma dole ya zo da kyamararsa da ɗan akwatinsa, in so samu ne da sandunan Move guda biyu, wato hannuwan gem ɗinsa. Amma akwai Astro Bot Rescue Mission da Resident Evil 7 a kansa, wasu gem ɗinsa a faifai suke, kuma zai nuna maka ko kanka na ɗaukar VR ba tare da ka yi babbar asara ba. Akwatin robar nan da ake zura waya a ciki kuwa kada ka auna VR da shi. Juyin kai kawai yake bi, ba ya sanin ka matsa ko ka duƙa, Google ma da ta fara yayinsa ta watsar.

In kuwa Quest ɗin kake so kuma kuɗi sun isa, 3S ne daidai da mai farawa, 3 kuma in aljihu ya yarda. Quest 2 sai in ya yi araha ƙwarai. Na hannu kada ka yi cinikin biri a sama, ko da hoto da bidiyo aka turo maka daga Kano. Ka riƙe shi a hannunka. Buɗe farin shafi ka nemi tabon rana. Haska fitilar waya a gefen gilashin ka ga zane. Saki 'yan sandunan hannu biyu ka ga ko abu na motsi da kansa. Buɗe gidan batir ɗin kowane hannu ka duba tsatsa ko farin gari. A goge na'urar gaba ɗaya a gabanka, ka shiga da asusunka na kanka, kuma kada ka biya ƙarin kuɗi don gem ɗin da ke ciki, don da an goge sun tafi da mai su. Sannan ka sa shi a kanka rabin awa cur, da rana, a gem ɗin da ake tafiya da sanda, ka duba nawa batir ya sauka, ka cire ka zauna minti goma ka ji yadda cikinka da kanka suke. In hanya ta kawo ka Bauchi kafin nan, ka biyo Gwallameji bayan azahar, lokacin ɗakin ba cunkoso, in ɗaura maka nawa ka yi wannan rabin awar.